Babi na Bakwai: Alƙaluman Watan Fabrairu

A tsakiyar watan Fabrairu, lokacin da dusar ƙanƙara ke rufe filayen wasa a Boston da Detroit da Shikago, ƙungiyoyi 30 na babbar gasar besbol ta Amurka, wadda ake kira MLB, kan tattara kayansu su nufi inda rana take. Goma sha biyar su sauka a jihar Florida, goma sha biyar a Arizona, su shafe kusan mako shida suna atisaye da wasannin share fage. Masu jifa da masu tarbe ne ke fara isa. Tun da ba a ci kowa ba tukuna, kowane mai horarwa cike yake da fata, jaridu kuma cike suke da labarin wane ya rage ƙiba, wane ya koyo sabon salon jifa. A daidai wannan lokaci ne wasu mutane, waɗanda yawancinsu ba su taɓa riƙe kulki a filin ƙwararru ba, suke fitar da jadawalin da ke cewa ƙungiya kaza za ta ci wasa 94 a bana, kaza kuma 68. Daga ranar sai gardama ta kaure a rediyo da talabijin har zuwa ƙarshen Maris.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga shi a taƙaice. Mai jifa yakan wurga ƙwallo, mai bugu ya yi ƙoƙarin maka mata kulki ya ruga ya zagaya tasha huɗu. Duk wanda ya kammala zagayen ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Idan ya buga ta ta tsallake katanga, ya zagaya ba gudu ba fargaba. Sauran 'yan ƙungiyar mai jifa suna baje a fili suna tsaro, aikinsu su cafe ƙwallon ko su riga mai gudu isar da ita tasha. Ana yin haka har juyi tara, kuma babu kunnen doki.

Abin da ya bambanta wannan gasa da wadda aka saba kallo a gidajen kallon ƙwallo na Kano ko Zinder shi ne yawan wasa. Ƙungiyar Firimiyar Ingila wasa 38 take bugawa a kaka. Ƙungiyar MLB tana buga 162 cikin wata shida, kusan kullum. Duk da haka tazarar da ke tsakanin gwani da mai rauni ba ta da faɗi. Seattle Mariners ta 2001, wadda ta ci wasa 116, an doke ta sau 46. Chicago White Sox ta 2024, wadda aka lallasa sau 121, ta samu nasara 41. Yawancin ƙungiyoyi a cunkushe suke tsakanin 70 da 95, kuma wasa uku ko huɗu kan raba wanda zai shiga zagayen neman kofi na Oktoba da wanda zai koma gida. A wannan ɗan siririn fage ne mai hasashe yake aikinsa.

Shekaru da dama aikin na hannun tsofaffin marubutan wasanni ne, kuma makaminsu ido ne da tunawa da bara. Misalin da har yau ake bayarwa shi ne na 1987. Mujallar Sports Illustrated ta sa hoton Joe Carter da Cory Snyder na ƙungiyar Cleveland a bangonta, ta ayyana ta a matsayin wadda ta fi kowa a ɓangaren American League. Dalili a fili yake: a 1986 Cleveland ta ci wasa 84 bayan shekaru na wahala, ga matasan masu bugu suna tashe. Abin da aka kau da kai daga gare shi shi ne makin da aka zura mata a waccan shekara ya ɗan fi wanda ta ci, kuma cikin masu jifarta akwai Phil Niekro mai shekara 48. Cleveland ta ƙare 1987 da rashin nasara 101, ita ce ta ƙarshe a duk gasar.

Mutumin da ya koya wa duniyar besbol duban wannan ɓangare mai gadi ne. Bill James yana gadin dare a wata masana'antar wake na gwangwani a garin Lawrence na jihar Kansas, yana cika takardu da lissafi kafin gari ya waye. A 1977 ya buga ɗan littafinsa na farko, Baseball Abstract, da kuɗin aljihunsa. Cikin abubuwan da ya gano akwai biyu da duk wani hasashen zamani ya ginu a kansu. Na farko, yawan makin da ƙungiya ta ci da wanda aka ci ta ya fi adadin nasarorinta faɗin gaskiyar ƙarfinta. Ya ba da hanyar lissafi mai sauƙi: a ninka makin da ta ci da kansa, a ninka wanda aka ci ta da kansa, a haɗa, sai a raba na farkon da jimillar. Abin da ya fito shi ne kason wasannin da ya kamata ta ci. A ƙiyasi, duk ƙarin maki goma yana daidai da nasara ɗaya. Na biyu, ɗan wasa yakan kai ƙololuwarsa a kusan shekara 27, ba bayan 30 ba kamar yadda masu ƙungiyoyi suka ɗauka suna zuba wa tsofaffin taurari kuɗi. Sai a ƙarshen 2002 Boston Red Sox ta ɗauke shi mai ba da shawara. A 2004 ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1918.

Daga waɗannan tubala aka gina na'urorin hasashe. Mafi sauƙinsu Marcel ne, wanda Tom Tango ya ƙirƙira, ya kuma raɗa masa sunan wani biri na shirin talabijin don nuna cewa ba ya bukatar wata basira. Marcel yana ɗaukar shekaru uku na baya na ɗan wasa, ya ba wa bara nauyi 5, waccan 4, ta gabanta 3. Sai ya ja sakamakon zuwa matsakaicin gasar, ya ɗan ƙara wa matashi, ya ɗan rage wa wanda ya manyanta. Iyakarsa ke nan. Abin mamaki, manyan na'urori masu sarƙaƙiya da kyar suke wuce shi, kuma da 'yar tazara.

Wannan ja zuwa tsakiya shi ne zuciyar sana'ar, shi ne kuma abin da ke ƙona wa magoya baya rai. Duk wanda ya yi fice fiye da kima a bara, a cikin ficensa akwai ƙwarewa, akwai kuma rabon sa'a: lafiyar da ta ɗore, ƙwallon da ta faɗi taku biyu daga hannun mai tsaro. Ƙwarewar za ta biyo shi bana, sa'ar ba ta yi masa alkawari ba. Haka ma wanda bara ta yi wa tsami. Shi ya sa jadawalin Fabrairu da wuya ya ba wa ƙungiya nasara 105 ko 55, ko da yake ana samun masu kaiwa can.

Wadda ta fi suna ita ce PECOTA. Nate Silver, matashi ɗan jihar Michigan da ya karanta tattalin arziki a Jami'ar Shikago, ya gina ta a lokacin da yake aiki da kamfanin KPMG, kamfanin Baseball Prospectus kuma ya fara buga ta a 2003. Sunan na tunawa ne da Bill Pecota, wani ɗan wasan Kansas City da bai yi wani fice ba. Dabarar Silver ita ce neman takwarori. Idan ana son sanin makomar mai bugu ɗan shekara 31, sai na'ura ta laluba tarihin gasar ta zaƙulo waɗanda suka yi kama da shi a wannan shekarun: tsawo, nauyi, gurbin da suke tsaro, ƙarfin bugu, saurin ƙafa. Abin da ya same su a shekara ta gaba shi ne taswirar abin da ka iya samunsa. Silver ya koma hasashen zaɓe daga baya, inda ya faɗi daidai yadda jihohi 49 cikin 50 za su kaɗa a zaɓen shugaban Amurka na 2008. Wasu na'urorin sun biyo baya: ZiPS ta Dan Szymborski, da Steamer, wadda malamin makarantar sakandare Jared Cross ya fara tare da ɗalibansa biyu.

Shekaru biyu a jere ne suka sa aka fara jin tsoron PECOTA. White Sox ta ɗauki kofi a 2005, ta ci wasa 90 a 2006. A farkon 2007 na'urar ta ce 72 za ta ci, a doke ta 90. Shugabannin ƙungiyar suka yi watsi da zancen a bainar jama'a, marubutan Shikago suka taya su. Amma lissafin ba wani sihiri ba ne: ginshiƙan masu bugunta, Jim Thome da Jermaine Dye da Paul Konerko, duk sun haura talatin, kuma duk sun yi shekara mai kyau tare a 2006, abin da ba kasafai ake maimaitawa ba. Dye, wanda ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 44 a 2006, ya sauko 28. Ƙungiyar ta zama ta ƙarshe a ɓangarenta wajen cin maki. Da aka rufe kaka, sakamakonta 72 da 90 ne cif.

Labarin Tampa Bay a 2008 ya fi wannan daɗi, don ya nuna abin da ido ba ya gani. Tun kafa ta a 1998 ƙungiyar ba ta taɓa wuce nasara 70 ba, kuma sau tara cikin shekaru goma ita ke ƙarshe a rukuninta, rukunin da New York Yankees da Boston ke ciki. A 2007 wasa 66 ta ci, aka zura mata maki 944. PECOTA ta ce 88 za ta ci a 2008. Mutane suka yi ta mamaki. Abin da na'urar ta lura da shi tsaro ne. Ƙungiyar ta ba da matashin tauraronta Delmon Young ga Minnesota, ta karɓo mai jifa Matt Garza da mai tsaro Jason Bartlett. Ta mayar da Akinori Iwamura tasha ta biyu, ta ba wa B.J. Upton tsakiyar fili, ta buɗe wa sabon yaro Evan Longoria tasha ta uku. Babu wanda sunansa ke cika fili a cikinsu a lokacin, amma ƙwallayen da a bara suke ratsawa, bana a hannu suke faɗawa. Makin da aka zura mata ya sauko 671. Ta ci wasa 97, ta sha gaban Yankees wadda albashin 'yan wasanta ya haura dala miliyan 200, alhali nata bai kai 50 ba. Sai a zagayen ƙarshe na neman kofi, wato World Series, Philadelphia ta taka mata birki.

Da nan labarin ya tsaya, da an ce lissafi ya gama da kowa. Kansas City Royals ce ta hana. A 2014 ta ci wasa 89, ta kai har wasa na bakwai na World Series kafin San Francisco ta ƙwace kofin. Da Fabrairun 2015 ta zo, PECOTA ta ba ta nasara 72. Tana da hujja: babban mai jifarta James Shields ya tafi, masu bugunta ba su da ƙarfin tsallakar da ƙwallo. Royals ta ci 95, ta doke New York Mets a World Series, kofinta na farko tun 1985. Kuskuren wasa 23 ke nan, kuma ba na sa'a kaɗai ba ne. Ƙungiyar ta ginu a kan abubuwan da na'urorin lokacin suka fi rauni wajen aunawa: masu tsaro irin su Lorenzo Cain da Alex Gordon da ke share faffaɗan filinta, masu bugu da suka fi kowa ƙarancin kuskuren ƙwallo, da masu jifan ƙarshen wasa uku, Kelvin Herrera da Wade Davis da Greg Holland. Davis kusan maki ɗaya kacal ake ci a hannunsa a duk juyi tara, shekara biyu a jere. Wanda bai sha gaban Royals kafin juyi na bakwai ba, da wuya ya sha bayan nan. A 2015 ɗin ne MLB ta kafa na'urorin Statcast a duk filaye 30, masu auna gudun ƙwallo da takun kowane mai tsaro, kuma masu hasashe sun ci moriyarsu wajen toshe wannan giɓi. Magoya bayan Kansas City sun yi gaskiya da suka ce ba a fahimci ƙungiyarsu ba.

Sai dai akwai kuskuren da babu na'urar da za ta iya kawar da shi, kuma wannan ne ya kamata mai karatu ya riƙe. A ɗauka akwai ƙungiyar da ƙarfinta daidai yake da na kowa, kowane wasa rabi da rabi. Kakar wasanta kamar jefa kwabo ne sau 162. Abin da aka fi tsammani 81 ne, amma ilimin lissafi ya nuna kashi biyu cikin uku na lokaci ne kawai sakamakon zai faɗa tsakanin 75 da 87, kuma kusan sau ɗaya cikin ashirin zai kauce da fiye da wasa 12. Ma'ana, ko da mutum ya san ainihin ƙarfin kowace ƙungiya ba kuskure, cikin 30 ɗin kusan goma za su kauce masa da fiye da wasa shida, ɗaya ko biyu kuma da fiye da goma sha biyu. Wanda ya yi wa mai hasashe dariya don ya kauce da wasa bakwai, rashin adalci ya yi masa.

Baltimore ta 2012 ta nuna yadda abin yake a fili. Ta ci maki 712, aka ci ta 705, wanda a lissafin James ƙungiyar nasara 82 ce. Amma 93 ta ci, domin a wasannin da tazarar maki ɗaya ta raba, ta yi nasara 29, aka doke ta 9. Aka yi ta yabon jarumtar 'yan wasan da basirar mai horarwa Buck Showalter. Shekara ta zagayo, mai horarwa bai sauya ba, mai rufe wasa Jim Johnson yana nan, amma a irin waɗannan wasanni 20 ta ci, aka doke ta 31.

Ga kuma abin da ba ya cikin kowane littafin lissafi. New York Mets ta ci wasa 101 a 2022, mai ita Steve Cohen ya ƙara buɗe bakin jaka har albashi ya haura dala miliyan 300, abin da ba a taɓa gani ba. Justin Verlander mai shekara 40 da Max Scherzer mai 38 kowannensu yana karɓar sama da miliyan 43 a shekara. Masu hasashe na ido da na kwamfuta duk sun sa ta a sahun gaba. A watan Maris 2023, kafin a buga wasa ko ɗaya, mai rufe mata wasa Edwin Díaz ya ji ciwo a gwiwa yana tsallen murna bayan ƙasarsa Puerto Rico ta doke Jamhuriyar Dominika a gasar duniya. Bai yi jifa ko sau ɗaya ba a kakar. Zuwa farkon Agusta an sallami Scherzer zuwa Texas, Verlander zuwa Houston. Mets ta ƙare da 75. Tsufan masu jifan biyu abu ne da ya kamata a ƙara ba shi nauyi. Gwiwar Díaz kuwa, wannan sai Allah.

Batun wanda zai ɗauki kofi ya fi wannan duhu. Tun 2022 ƙungiyoyi 12 ke shiga zagayen Oktoba, kuma ana fitar da ƙungiya cikin wasa uku, biyar ko bakwai. A 2022 ɗin Los Angeles Dodgers ta ci 111, San Diego mai 89 ta fitar da ita cikin wasa huɗu. A 2023 Arizona mai nasara 84 kacal ta kai World Series. Shi ya sa na'urori masu mutunci da wuya su ba wa ko da wadda ta fi kowa ƙarfi damar da ta wuce ɗaya cikin huɗu. Wannan abin lura ne, musamman tun 2018 da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni, tallan kamfanonin caca ya mamaye filaye da talabijin, ana kuma sayar wa matasa hasashe kamar tabbas. Waɗanda suka gina na'urorin da hannunsu ba su taɓa cewa tabbas suke sayarwa ba. Duk wanda ya ce wa yaro ya san zakaran Oktoba tun Fabrairu, aljihunsa yake nema.

Kuskure mafi girma a 'yan shekarun nan na San Francisco Giants ne a 2021. PECOTA ta ba ta 75. Dodgers ta riƙe rukuninsu shekara takwas a jere, San Diego ta sayo taurari, Giants kuwa tsofaffi ne ƙashin bayanta. Buster Posey, mai tarbe ɗan shekara 34, bai buga wasa ba ko ɗaya a 2020. Brandon Crawford shi ma 34, Brandon Belt 33. Duk abin da aka sani game da shekaru yana nuna gangara. Sai ga Crawford ya tsallakar da ƙwallo sau 24, Belt sau 29 cikin wasa 97, kowannensu adadin da bai taɓa kaiwa ba yana matashi. Mai horarwa Gabe Kapler da tarin mataimakansa suka riƙa sauya masu bugu a tsakiyar wasa gwargwadon hannun da mai jifa ke amfani da shi, har waɗanda ake tasowa daga benci suka tsallakar da ƙwallo sau 18, adadin da ba a taɓa yi ba. Giants ta ci 107, Dodgers 106. An kauce da wasa 32, abin da kwabo kaɗai ba zai iya bayyanawa ba. Horarwar ta yi aiki na gaske, kuma na'ura ba ta da hanyar ganinta a Fabrairu.

Tambayar da ta rage ita ce nawa ne daga cikin 107 ɗin zai dawo. Magoya baya suka ce an ga sabuwar daula. Na'urorin suka ƙara wa Giants 'yan wasanni a kan na bara, amma suka bar ta can ƙasa da Dodgers, aka kuma sake zarginsu da taurin kai. Posey ya yi ritaya a watan Nuwamba, mai jifa Kevin Gausman ya koma Toronto, Crawford da Belt suka yi ta fama da ciwo. Giants ta ƙare kakar 2022 da nasara 81, rashin nasara 81, wasa 30 a bayan Dodgers.